Ƙoƙon Dardo: Shafi na 17

Na ga saƙonninku, har da na masu cewa na cika tausaya wa Ubaldo. Wataƙila haka ne. Duk wanda ya taɓa kwana da tunanin 'yarsa zai gane dalili. Mun bar shi a saman motar da ke ƙetara tudun yashi da fasinja, to ga shi ya iso.

*

Rana ta fara karkata lokacin da motar ta sauke su a dandalin Kabo. Ubaldo ne ƙarshen saukowa. Da baya-baya ya biyo matakalar ƙarfen, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗayan rungume da jakar fata kamar mai ɗauke da jariri.

"A hankali, Don," in ji direban, wani dogon saurayi mai gemu, da kalmarsu ta girmama dattijo. "Ƙwai ne a jakar?"

"Ƙoƙo ne."

"Na zaci na gilashi ne. Ka ji, mota ɗaya ta rage yau, kafin rana ta faɗi. Lokacin sanyi ba ma dawowa da duhu. In ka ji na danna oda ka rugo, in ba haka ba ka kwana da karnukan teku."

"Ba zan daɗe ba."

"Kowa haka yake cewa."

Iska ta buge shi tun kafin ya gyara hularsa. Babu titi a Kabo, babu lamba a ƙofar kowa. Gidaje ne warwatse kan ciyawa da yashi kamar an zazzage su daga buhu. Bai san wanne ne na Nibia ba. Shekara huɗu 'yarsa tilo tana zaune a nan, bai taɓa tambayar matarsa Zulma ko launin ƙofarta ba, don kada a ce ya tambaya.

Sai ya nufi hasumiyar fitila, tun da ita kaɗai ce ba ta ɓacewa mutum.

Yana tafiya yana shafa jakar. Sabon ƙoƙon shan mate ne a ciki, shayin ganyen ƙasar nan mai ɗaci, da bututun zuƙa na azurfa. Shi ya gyara ƙoƙon da hannunsa a bayan shagon namansa na Lascano. Ya cika shi da jiƙaƙƙen ganye, ya bar shi ya kwana, ya kankare, ya sake cikawa, har ɗacin sabunta ya fita. Duk wannan don mutum ɗaya ne, Dardo masunci, mijin Nibia.

Ranar wata Lahadi ce abin ya faru, ranar da Nibia ta kawo Dardo gida ya gaishe shi. Nama na kan wuta, jama'a sun kewaye, Ubaldo ne mai zuba mate. Ya ba ƙaninsa, ya ba maƙwabci, ya ba Zulma. Da layi ya zo kan Dardo, yaron har ya miƙo hannu, Ubaldo ya tsallake shi ya ba na gaba. Bai zage shi ba, bai ko kalle shi ba. A ƙasar nan ko ɓarawo ne ya zauna a da'irarka, sai ka ba shi nasa kafin ka kira 'yan sanda. Dardo ya mai da hannunsa aljihu ya jira zagaye na biyu. Aka sake tsallake shi. Ya miƙe, ya yi wa kowa sallama cikin ladabi, ya fita. Kafin mako ya zagayo Nibia ta bi shi.

Tun daga ranar amsar Ubaldo ɗaya ce ga duk wanda ya yi masa magana: "Ni ban ce masa komai ba."

A gindin hasumiyar, ta ɓangaren da katanga ke tare iska, wasu tsofaffi ne zaune kan akwatunan kifi. A tsakiyarsu wata tsohuwa ce mai baƙin mayafin ulu, da filas a hammatarta. Ita ce mai zubawa. Can ƙasa karnukan teku, manyan dabbobin ruwan nan, na kwance birjik kan duwatsu suna gurnani.

"Sannunku da hutawa."

"Sannu, baƙo," in ji wani mai farin gashin baki. "In hawa ka zo yi, an rufe. Sai gobe."

"Gara da aka rufe," in ji na kusa da shi, yana kallon cikin Ubaldo. "Matakalar nan ta girmi kakanka, ba ta saba da irin wannan tumbin ba."

"Tumbin halak ne," in ji Ubaldo. "Mahauci ne ni."

"Shi ya sa. Mu nan kifi muke ci, dubi yadda muka zama kamar sandar raga."

Suka yi dariya, shi ma ya ɗan yi. Tsohuwar ba ta tambaye shi sunansa ba. Ta cika ƙoƙo ta miƙo masa da bututun yana kallonsa, yadda ake yi wa mutumin kirki. Ya karɓa. Da zafi, da ɗaci, daidai yadda yake so. Ya zuƙe har ƙoƙon ya yi ƙara, ya mayar mata.

"Gidan Dardo nake nema," ya ce. "Masunci."

Dariyar ta tsaya. Mai gashin bakin ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Daga ina kake?" in ji tsohuwar.

"Lascano."

Tana cikin zuba ruwa ne. Ruwan ya cika ya malalo kan babban yatsanta, da zafinsa, ba ta janye ba.

"Ka ga mai jan rufin can, bayan rijiya?" ta ce. "Wanda jirgi ke kife a gefensa."

"Na gode, Doña," ya ce, yadda ake girmama dattijuwa a nan.

Ta goge yatsan a mayafinta. Shi kuma hankalinsa ya riga ya tafi kan jan rufin, bai lura ba.

*

Jirgin ya fara gani. Mai launin ruwan lemo ne, kife, yashi ya rufe shi kusan rabi, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsa. Da mutumin bakin ruwa ne, da nan take ya gane jirgin ya daɗe bai shiga ruwa ba. Amma Ubaldo mutumin shanu ne. Abin da ya zo masa kawai shi ne, madalla, yaron yana gida, bai fita ba.

Nibia na bakin rijiya tana jan guga. Ta rame. Rigar ulun da ke jikinta ta maza ce, ta naɗe hannun sau biyu. Ta ɗago ta gan shi, ta ci gaba da jan igiyar har gugan ya fito, ta juye a bokiti, sannan ta miƙe.

"Baba."

"Nibia."

"Mama lafiya?"

"Lafiya lau. Tana gaishe ki."

"To me ya faru?"

"Sai wani abu ya faru?"

"A wurinka, e."

Ya kai hannu zai ɗauki bokitin, ta riga shi.

"Bari, bayanka," ta ce. "Shigo daga iskar nan."

Ɗaki ɗaya ne da ɗan madafi. Murhun itace na ci a kusurwa, kyandirori a kan taga, raga a naɗe a saman rufi. Ubaldo ya zauna a gefen kujera da hularsa a gwiwa. Idonsa ya shiga aikinsa na kullum.

"Wannan tagar tana shigo da sanyi."

"Na sani."

"Kina cin abinci kuwa? Dubi wuyanki."

"Ina ci."

"In mutum ya yi rashin lafiya da dare a nan, yaya ake yi? Babu hanya, babu likita, babu..."

"Baba, yashi ka ƙetaro don ka duba mini taga?"

Ya jawo jakar, ya kwance maɗaurinta. Ya fito da ƙoƙon ya ajiye kan tebur, ya ɗora bututun a gefe, ya fito da ƙunshin ganye.

Nibia ta kalli kayan.

"Na waye?"

"Na..." Ya gyara murya. "Na mijinki ne."

Bai taɓa faɗin kalmar ba sai yau. Ya ji ta fito da nauyi, amma ta fito.

"Na gyara shi da kaina," ya ci gaba da sauri, don kada ƙarfin halin ya gudu. "Ba wanda ya sha a ciki. In ya shigo, ni zan zuba, shi zan fara ba. A gabanki. In yana so ya tsallake ni ma, ya tsallake, na cancanta. Ina yake? Na ga jirgi a kife."

Nibia ta jawo kujera ta zauna. Ta ɗora hannuwanta biyu kan tebur, ta daɗe tana kallonsu.

"Mama ta san za ka zo?"

"Ita ta haɗa mini jaka."

"Ta ga ƙoƙon?"

"Ta gani. Har kuka ta yi."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Daɗi ne ya kama ta."

"Ba daɗi ba ne, Baba."

Wuta ta yi ƙara a murhu. Ubaldo ya dubi rigar da ke jikinta, ya dubi takalman roba manya da ke bayan ƙofa, busassu, da ƙura a kansu.

"Nibia, ina yaron nan?"

"Dardo ya rasu. A watan Maris."

Hular ta zame daga gwiwarsa ta faɗi. Bai ɗauka ba.

"Maris," ya ce. "Wane Maris?"

"Na bana."

"A'a. Da an faɗa mini. Da uwarki ta..."

"Ka tuna ta je asibitin ido a Rocha?"

Ya tuna. Shi ya kai ta tasha. Shi ya saya mata biskit na hanya, ya ce ta tambayi likita ko tabarau ne. Da ta dawo idanunta sun kumbura sun yi ja, ya ce likitocin nan ba su iya komai ba, sun ƙara ɓata mata ido.

"Jana'iza ta zo," in ji Nibia. "Ni na sa ta rantse ba za ta faɗa maka ba."

"Don me?"

"Don ban shirya jin abin da za ka ce ba."

"Me zan ce?"

"Ka sani. Faɗa mana. Yana bakinka, ina ganinsa. Ka ce ai dama ka faɗa."

Gaskiya ne, yana bakinsa. Ba don jin daɗi ba. Shekara huɗu duk daren da iska ta kaɗa rufin gidansa a Lascano sai ya farka ya zauna a bakin gado, yana lissafin ko jiragen sun dawo. Zulma ta ce ya kwanta, ya ce fitsari ne ya tashe shi. Abin da yake tsoro ke nan tun ranar da ya ga hannun yaron mai tsagar igiya, ya san 'yarsa za ta ƙare a bakin ruwa tana jiran wanda ba zai dawo ba.

"Ban so in yi gaskiya ba," ya ce a hankali. "Allah ya sani. Ba ƙinsa nake ba, Nibia. Tekun nan nake tsoro. Na san wata rana sai ta..."

"Ba teku ce ta ci shi ba."

Ya ɗago.

"Dardo bai taɓa ko karya yatsa a ruwa ba," ta ce. "Ubansa a kan gado ya mutu da tsufa. Kakansa ma haka. Sun san ruwan nan kamar yadda ka san haƙarƙarin sa. In sama ta canja launi ba sa fita, ko nawa za a ba su."

"To me ya same shi?"

"Ka tuna abin da ka ce mini daren da zan bar gida?"

"Ban ce..."

"Kada ka ce ba ka ce komai ba. Shi ne ba ka ce wa komai ba. Ni ka ce mini. A madafi, kana wanke wuƙaƙenka. Ka ce, ranar da ya bar ruwa ya zo, zan ba shi mate da hannuna."

Ubaldo ya rufe ido.

"Na riƙe maganar shekara uku ban faɗa masa ba," in ji Nibia. "Bara, ranar Kirsimeti, ya same ni ina kuka a bayan gida. Ya ce mene ne. Na ce ba komai. Ya ce ƙarya kike, gida kike tunani. Ya yi ta tambaya. Na faɗa masa." Ta murza hannun rigar. "Da na yi shiru."

"Sai ya yi yaya?"

"Sai ya yi dariya. Ya ce au, wannan ne kawai? Ya ce tsohon nan ashe mai sauƙin ciniki ne. Bayan sabuwar shekara ya jawo jirgi ya kife. Uwarsa ta yi magana, tsofaffi suka yi magana, ya ce shekara ɗaya ce kawai zai yi a tudu, ya karɓo wa matarsa ubanta ya dawo. Ya tafi saran itace."

"Saran itace a ina?"

"A gandun bishiyar turaren nan da ke hanyar garinku."

"Garinmu?"

"Da gangan ya zaɓa. Ya ce in an gama saran bana zai shiga shagonka kamar kowa, ya ce a yanka masa na gashi, ya ga ko za ka gane shi ba warin kifi. Har ya taɓa wucewa ta ƙofar. Ya ce ya hango ka kana faɗa da wata mata kan ƙashi. Ya ce ka yi ƙiba."

Ta ɗan yi murmushi, murmushin bai daɗe ba.

"Mutum ne da ya san igiyar jirgi, bai san ta gungume ba. Suna lodi a mota, sarƙa ta kwance. Waɗanda suka saba sun san inda ake tsayawa. Shi ya tsaya inda ake tsayawa in ana jan raga."

Ubaldo ya san labarin. A shagonsa ya ji shi. Wata safiya ce a watan Maris, wani direban gandun ya shigo sayen nama, ya ce gungume ya danne musu wani sabon ma'aikaci, yaron kirki, daga bakin ruwa yake. Ubaldo yana auna nama lokacin. Ya ce Allah ya kyauta, yaran yanzu ba sa kula. Ya naɗe naman a takarda ya ce wa na gaba, me za a ba ka.

"Na ji," ya ce. "Nibia, na ji labarin. A shago. Ban tambayi sunansa ba."

"Da ka tambaya ma, ka taɓa kiran sunansa?"

Bai taɓa ba. Yaron nan yake cewa, ko masuncin nan.

Ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya rasa inda zai sa ta, ya mayar gwiwa. Yana so ya yi kuka, amma ya ga kamar bai da izinin yi a ɗakin nan.

"Uwarki ta bar ni na kwana ina kankare ƙoƙo," ya ce. "Tana kallona. Ta bar ni na hau mota."

"Ta san ka. In ta faɗa maka, kunya za ta zaunar da kai a Lascano har ka mutu."

"Ki zo mu tafi gida."

"Ka fara."

"Ke kaɗai a nan, ba namiji, ba wuta, ba hanya. Ɗakinki yana nan yadda kika bar shi. Ki haɗa kaya, motar ba ta tashi ba."

"Baba, tsoronka ya riga ya ci mini mutum ɗaya. Ya isa."

Ba da tsawa ta faɗa ba. Da ta yi tsawa da ya fi masa sauƙi.

Ta miƙe ta ɗora buta a murhu. Ta ɗauki sabon ƙoƙon ta juya shi, ta leƙa ciki, ta shafa da yatsa, ta sansana.

"Ka gyara shi da kyau," ta ce.

"Na yi ƙoƙari."

Ta zuba ganye, ta rufe bakin da tafin hannu ta girgiza, ta karkata shi gefe ɗaya, yadda shi ya koya mata tana ƙarama a kan teburin shago. Ta sauke butar kafin ta tafasa, ta cika filas. Ta zuba na farko ta shanye da kanta, mai ɗacin, wanda mai zubawa ke sha don kada baƙo ya sha. Ubaldo yana bin hannunta da ido. Ta sake cikawa. Kumfa ya taso kore a bakin ƙoƙon.

Ya miƙa hannu.

Ba ta ba shi ba. Hannunsa ya tsaya a iska tsakaninsu, ya ji yadda hannu ke nauyi in an bar shi haka. Ya fara janyewa zai kai aljihu.

"Ba tsallake ka na yi ba," in ji Nibia. "Ba ni ce zan fara ba ka ba. Kuma wannan ba kai za ka sha ba."

"Wa zai sha?"

"Wa ya nuna maka gidan nan?"

"Wata tsohuwa. A gindin hasumiya."

"Mai baƙin mayafi."

"E."

"Doña Ermelinda ke nan. Uwar Dardo."

Ubaldo ya dafa tebur.

"Ta ba ni mate," ya ce. "Na sha a ƙoƙonta."

"Kowa take ba. Ba ta taɓa tsallake mutum ba tun da take."

"Ta san ko ni wane ne?"

"Ka faɗa mata daga ina kake?"

"Na ce Lascano."

"To yanzu ta sani."

Daga can dandali oda ta yi ƙara, doguwa, iska ta kawo ta har cikin ɗakin.

"Ita ta wanke shi," in ji Nibia. "Ita ta riƙe ni da na ƙi cin abinci. Tun Maris ba ta taɓa ce mini ubanki ne ya jawo ba, ko sau ɗaya. Abu ɗaya ta taɓa tambayata. Ta ce, da gaske ɗana ya miƙa hannu aka wuce shi? Na ce da gaske. Ta ce sau nawa? Na ce biyu. Ba ta sake tayar da maganar ba."

Ta sa masa ƙoƙon a hannun dama, ta cusa masa filas a hammata.

"Ga mota can, ga hasumiya can. In ka hau mota ba zan ce maka komai ba. A wurinka na koya."

"In na kai mata ta karɓa?"

"Ka dawo. Akwai bargo, akwai miyar kifi. Ni zan zuba maka da kaina."

"In ba ta karɓa ba fa?"

"Ban sani ba, Baba. Ita ce uwata a nan."

*

Ya fito da ƙoƙon a hannu, yana kare shi da hula kada yashi ya shiga. Rana ta kusa taɓa ruwa. A dandali mutane na hawa saman motar, direban mai gemu na tsaye kan taya yana ɗaga masa hannu.

"Don mai ƙoƙo, ta nan ne. Ka juya baya."

Ubaldo ya girgiza kai.

"Ba wata sai gobe, ka ji ko?"

Bai waiwaya ba. Ya ji an buga ƙofar mota, injin ya tashi, ƙarar ta yi ta raguwa har tudun yashi ya haɗiye ta.

Hanyar hasumiya ta fi ɗazu tsawo. Gwiwarsa na ciwo, ruwan na zuba kan yatsunsa. Yana tafe yana shirya abin da zai ce, duk wanda ya shirya sai ya ji bai fito da ma'ana ba. A sama fitilar ta kama, ta yi juyinta na farko kan ruwa.

Tsofaffin na nan inda ya bar su. Mai gashin bakin ya gan shi, ya ga abin da ke hannunsa, ya zunguri na kusa da shi. Suka ja akwatunansu baya kaɗan.

Doña Ermelinda ba ta motsa ba. Ta ajiye nata ƙoƙon a ƙasa kusa da ƙafarta. Hannuwanta biyu na ƙarƙashin mayafi.

Ubaldo ya tsaya a gabanta. Ya ƙara ruwan zafi daga filas, don na farkon ya huce. Ya juya bututun ya kalle ta. Ya miƙa da hannu biyu.

"Doña."

"Kai ne mahaucin Lascano."

"Ni ne."

"Ɗazu na ba ka."

"Kin ba ni."

"Ka sha?"

"Na sha."

"Da daɗi?"

Ya ci gaba da miƙa mata ƙoƙon. Kumfan ya fara malalowa gefe. Fitilar ta sake zagayowa ta wuce ta kansu.

Tsohuwar ta kalli sabon ƙoƙon, ta kalli azurfar bututun, ta daɗe. Hannunta bai fito daga mayafin ba.

"Kafin in taɓa, ka faɗa mini," ta ce. "Wannan nawa ne, ko na ɗana ne ka kawo yau?"